Zamiyatin Da Littafinsa Mai Suna "Mu"

Wani masanin tarihi na Yunanawa, ana ce da shi Hirodotas, ya ba da labarin waɗansu sarakuna biyu da suka yi zamani wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Feriyanda, sarkin Korinti, ya aiki manzo wurin Tirasibulas, sarkin Militas, ya tambayo masa dabarar da zai yi mulkinsa ya zauna daram. Da manzo ya isa ya faɗi saƙo, Tirasibulas bai ce masa kanzil ba. Sai ya ja shi bayan gari, suka shiga wata gonar alkama. Yana tafe yana duba zangarniya, duk wadda ya ga ta ɗara 'yan'uwanta tsawo sai ya fille ta ya yar, har ya ɓata mafi kyaun amfanin gonar. Sa'an nan ya sallami manzo. Manzo ya komo gida yana cewa an aike shi wurin mahaukaci mai ɓarnar dukiyarsa. Amma Feriyanda ya gane karatun. Ya shiga bin manyan mutanen garinsa ɗaya ɗaya, wanda duk ya yi fice ya kashe shi ko ya kore shi.

Tun daga wancan zamani masu hankali su ke tsoron irin wannan daidaitawa, wadda a ke yi da lauje. A ƙarni na 20 waɗansu marubuta na ƙasashen Turai da Amurka suka ƙago labarai game da ita. Su kan zana wata ƙasa ta nan gaba, inda gwamnati ta tilasta wa kowa ya zama daidai da kowa, har mutum ya rasa abin da zai nuna ya ce wannan nasa ne, ko da tunanin zuciyarsa. Wanda ya share wa sauran hanya wani mutumin Rasha ne, sunansa Yebgeni Zamiyatin.

An haifi Zamiyatin cikin 1884 a wani ƙaramin gari, Lebediyan, kudu da Masko. Ubansa limamin coci ne, yana kuma koyarwa a makaranta. Da yaron ya girma ya tafi birnin Fitasbag, wanda shi ne babban birnin Rasha a lokacin, ya koyi aikin injiniya na ƙera jiragen ruwa, ya gama cikin 1908. A zamanin nan talakawan Rasha suna cikin matsi ƙwarai. Sarki da 'yan majalisarsa da masu manyan gonaki su ke da kome, manomi kuwa ba shi da bakin magana. Saboda haka samari masu ilmi da yawa suka shiga jam'iyyun da ke neman juyin mulki. Zamiyatin ya shiga ta Bolshebik, watau jam'iyyar Lenin. Cikin 1905 aka kama shi, aka kulle shi shi kaɗai cikin ɗaki wata da watanni, daga baya aka kore shi daga birni. Ashe ke nan mutumin da zai rubuta wannan littafi ba maƙiyin talakawa ba ne. Ya sha ɗauri saboda su tun yana ɗan shekara 21.

Cikin 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Rasha ta aike shi Ingila, garin Niyukasil, ya duba aikin waɗansu jirage da a ke ƙera mata. Jirage ne masu fasa ƙanƙara, domin tekun arewacin Rasha ya kan daskare da sanyi, sai an sami jirgi mai ƙarfin goshi ya buɗe wa sauran hanya. A can ya ga yadda a ke tafiyar da manyan ma'aikatu. Dubban ma'aikata su shiga da ƙararrawa, su fita da ƙararrawa, kowa da lambarsa. A shekarun nan kuwa an ɗauki koyarwar wani Ba'amurke, Tela, da daraja. Shi wannan Tela ya kan tsaya da agogo a kan ma'aikaci, ya auna kowane motsi nasa, ya yanke masa yadda zai ɗaga hannu da yadda zai sauke, don kada daƙiƙa ɗaya ta tafi a banza. Zamiyatin ya riƙe wannan a ransa.

Ya komo gida cikin 1917, shekarar da aka tuɓe Sarkin Rasha, jam'iyyar Lenin ta karɓi mulki. Da fari ya yi murna, ya shiga aikin koyar da samari rubutu da fassara littattafai. Amma bai daɗe ba ya ga abin da bai gamshe shi ba. An rufe jaridun da ba su bin ra'ayin gwamnati. An kafa 'yan sandan ciki masu kama mutane ba shari'a. Marubuta kuma suka fara gasar yabon masu mulki. Cikin 1921 ya buga wata maƙala inda ya nuna tsoronsa, cewa in aka mai da marubuta ma'aikata masu jiran umurni, to, adabin Rasha ba shi da sauran gaba, sai dai ya yi ta tuna baya. A tsakanin 1920 da 1921 ne ya rubuta littafin nan da ya sa wa suna da kalma ɗaya tak, wadda ma'anarta da Hausa ita ce "Mu".

Ga yadda labarin ya ke. Bayan wani yaƙi na shekara 200, wanda ya cinye yawancin mutanen duniya, waɗanda suka saura suka taru cikin birni guda, aka kewaye shi da bango, a ka kira shi Ƙasa Ɗaya. Mai mulkinta ana yi masa laƙabi da Mai Alheri. Ba wanda ke da suna a ƙasar, sai harafi da lamba. Tufafin kowa iri ɗaya ne, abincin kowa iri ɗaya, daga man fetur a ke yinsa. Gidaje duka na gilashi ne, bango da daɓe da rufi, don kada wani ya yi abin da maƙwabcinsa da 'yan tsaro ba su gani ba. Akwai wani allo na sa'o'i wanda ya yanke wa kowa lokacin tashi, da na aiki, da na yawo, da na barci. Mutum miliyan su kai cokali baki a daƙiƙa guda, kowace loma kuma a tauna ta sau 50. Sa'a biyu kaɗai a ke bar wa mutum a yini ya yi abin da ya ga dama, masanan ƙasar kuwa suna fatan wata rana su ma a shigar da su cikin allo.

Babu aure, babu iyali. Wanda ke son wata sai ya rubuta lambarta, a ba shi tikiti. 'Ya'ya na gwamnati ne, ba kuwa kowace mace a ke yarda ta haihu ba. Akwai wata mace cikin labarin, O-90, wadda ba ta da buri a duniya sai ta ga ɗanta a hannu, amma an hana ta, don tsawonta ya gaza abin da doka ta yanke wa uwaye da santimita 10, watau wajen inci 4.

Mai ba da labarin injiniya ne, lambarsa D-503, shi ke shugabantar ƙera wani jirgi da za a aika sama, ya kai wa mazauna sauran taurari irin wannan mulki. Shi dai ya yarda da tsarin da zuciya ɗaya. A ganinsa mutanen da can, da su ke tashi sa'ad da suka so, su auri wadda suka so, dabbobi ne. Abu ɗaya ke ba shi kunya, hannuwansa suna da gashi, sun bambanta da na sauran mutane. Ana nan sai ya gamu da wata mace, I-330, wadda ke cikin wata ƙungiyar asiri mai neman rushe bangon. Son ta ya kama shi. Ya fara mafarki, ya fara makara wurin aiki, ya fara kishi. Da ya je asibiti likita ya duba shi, ya gaya masa cutarsa mai tsanani ce, wai rai ne ya tsiro masa.

Kowace shekara a kan yi Ranar Baki Ɗaya, a tara jama'a a sake zaɓen Mai Alheri ta ɗaga hannu a fili. Ba a taɓa samun wanda ya ƙi ba. A wannan shekara, da aka tambaya ko akwai mai ƙi, sai dubban hannuwa suka tashi. Kashegari jaridar gwamnati ta ce an zaɓe shi baki ɗaya, waɗanda suka ƙi kuwa marasa lafiya ne, ba a lissafa su. Daga nan gwamnati ta ba da sanarwa cewa likitoci sun gano inda cutar ta ke, wani ɗan wuri ne cikin ƙwaƙwalwa inda mutum ke sawwara abin da babu shi, ya yi tunanin yadda al'amura za su iya zama dabam. Aka umurci kowa ya zo a ƙone masa wurin. Aka kama D-503 aka yi masa. Da ya tashi sai ya tafi da ƙafarsa wurin Mai Alheri, ya tona asirin ƙungiyar duka. Ya zauna yana kallo ana azabtar da I-330, bai ji kome ba. Ita kuwa har aka gama ba ta faɗi sunan kowa ba. Amma O-90 ta riga ta tsere bayan bango da cikin D-503 a jikinta, can za ta haihu cikin mutanen da ba su da lamba.

Masu duba littattafai na gwamnatin Rasha suka hana a buga shi. Cikin 1922 aka sake kama Zamiyatin, aka kai shi kurkukun nan dai da Sarki ya ɗaure shi a ciki cikin 1905, sai da abokansa suka sa baki aka sake shi. Littafin kuwa ya sulale ya fita ƙasar. An fara buga shi da Turanci a Niyu Yok cikin 1924. Cikin 1927 wata mujallar Rashawa masu gudun hijira a birnin Firag ta buga wani sashe nasa da harshen Rasha. Wannan shi ya zama sandar dukansa. Cikin 1929, sa'ad da mulki ya tattaru a hannun Sitalin, jaridu suka taso masa da zagi, aka ce ya kai wa maƙiya makami. Ya fita daga ƙungiyar marubuta. Aka daina buga littattafansa, aka hana nuna wasannin da ya rubuta, masu ɗab'i suka riƙa gudunsa.

Cikin watan Yuni 1931 ya yi abin da mutane kaɗan ne suka yi ƙarfin halin yi. Ya rubuta wa Sitalin takarda, bai roƙi gafara ba, bai kuma janye kome ba. Ya nuna masa cewa hana marubuci rubutu daidai ya ke da yanke masa hukuncin kisa, saboda haka a bar shi ya fita ƙasar. Wani babban marubuci, Gorki, wanda Sitalin ke jin maganarsa, ya sa baki, aka yarda. Zamiyatin da matarsa suka fita a ƙarshen wannan shekara, suka zauna a Faris, babban birnin Faransa. Can ya zauna cikin talauci, har ciwon zuciya ya kashe shi ran 10 ga Maris 1937. A shekarar nan da mai bi mata aka kashe dubban ɗaruruwan mutane a Rasha bisa umurnin Sitalin. Filniyak, marubucin da aka zaga tare da shi cikin 1929 amma ya zauna gida, an harbe shi cikin 1938.

Akwai wani abin lura a nan. Cikin watan nan na Yuni 1931 da Zamiyatin ya rubuta takardarsa, Sitalin ya yi jawabi ga shugabannin ma'aikatu, ya soki biyan kowa albashi ɗaya, ya ce a fifita gwanaye. Manyan jam'iyya kuwa suna da kantunansu na musamman da gidajensu na hutu. Watau daidaita arziki bai dami mai mulkin ba. Abin da ya nace a kai shi ne bakin kowa ya zama ɗaya, kada wata zangarniya ta ɗaga kai. Abin da Zamiyatin ya hango ke nan tun shekara 10 kafin haka.

Littafin ya haifi 'ya'ya. Wata mace, Ayin Rand, wadda aka haifa a Fitasbag cikin 1905, ta bar Rasha ta isa Amurka cikin 1926. Cikin 1938 aka buga mata wani ɗan littafi a Ingila mai suna Anthem. A cikinsa an shafe kalmar "ni" daga harshe, kowa sai ya ce "mu" ko da shi kaɗai ya ke nufi. Yaron labarin yana da kaifin hankali, don haka majalisar raba sana'a ta mai da shi mai sharar titi. Da ya gano yadda a ke samun hasken lantarki ya kai wa masanan ƙasar, suka ce a hallaka abin, tun da ba taro ne ya ƙago shi ba.

A Ingila kuma Joji Owel ya sami littafin Zamiyatin da Faransanci, ya rubuta sharhinsa a wata jarida cikin Janairu 1946. Kafin nan, cikin 1945, ya riga ya buga labarin dabbobin da suka kori mai gona don su zauna daidai wa daida, aladu suka zame musu sababbin iyayengiji. Wannan shi ne littafin da Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da Hausa da sunan Gandun Dabbobi, aka buga cikin 1975. Cikin 1949 Owel ya fitar da littafinsa mai suna 1984, wanda ƙashin bayansa ya yi kama da na "Mu" ƙwarai: ma'aikacin gwamnati, da macen da ta buɗe masa ido, da shugaban da ke ganin kowa, da kayen da aka yi masa a ƙarshe. Shi ma Owel ɗan gurguzu ne, har ya je Sifen ya yi yaƙi cikin 1937 a gefen ma'aikata, aka harbe shi a wuya.

Wanda ya fi kowa fito da maganar fili shi ne wani Ba'amurke, Kat Bonegat, cikin wani gajeren labari mai suna Harrison Bergeron, wanda aka buga cikin 1961. Labarin na shekara ta 2081 ne. An kafa wata babbar ma'aikaciya mai kula da nakasa mutane. Mai ƙarfi a rataya masa jakar harsashi a wuya, kyakkyawa a rufe mata fuska da mummunar fuskar roba, mai hankali a sa masa 'yar rediyo a kunne wadda ke fashewa da ƙara bayan kowace daƙiƙa 20 ko kusa da haka, don tunaninsa ya watse. Yaron labarin, Harisan, ɗan shekara 14 ne, tsawonsa ƙafa 7, an ɗora masa ƙarfe mai nauyin laba 300. Ya tsere daga kurkuku, ya shiga gidan talabijin, ya kakkarya ƙarafan, ya yi rawa da wata yarinya a gaban jama'a. Ma'aikaciyar nan ta shigo da bindiga mai baki biyu ta harbe su. Uwarsa ta gani a talabijin, ta yi kuka, jim kaɗan ta manta abin da ya sa ta kuka. Uban kuwa ƙarar da ke kunnensa ba ta bar shi ya yi tunani ba.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya da ke cikin labaran nan duka. Kowace ƙasa cikinsu tana da wanda ba a daidaita shi da kowa ba. Mai Alheri ba ya zama cikin layi. Aladu ba su cin abin da sauran dabbobi ke ci. Mai bindigar nan ta Bonegat, da ta shigo ba wanda ya tare ta. Dalili kuwa a fili ya ke. Mutane ba su fitowa iri ɗaya, yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba. In za a mai da su ɗaya sai da ƙarfi, ƙarfin nan kuwa dole a danƙa shi hannun wani. Ranar da aka danƙa masa, an yi bambancin da ya fi kowane bambanci girma, tsakanin mai lauje da zangarniya.

Duniya ta ga wannan a zahiri. A ƙasar Kambodiya, daga 1975 zuwa 1979, gwamnatin Fol Fot ta kwashe mutanen birane ta kai su gona, ta soke kuɗi da kasuwa, ta rufe makarantu da wuraren ibada, ta sa kowa baƙaƙen tufafi, ta hana iyali cin abinci a gidansu. Malamai da likitoci da masu jin harshen waje aka bi su da kisa. Cikin ƙasa da shekara 4 mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi suka mutu, da kisa da yunwa da cuta.

Amma kada a ɗauka marubutan nan suna cewa a bar mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. In aka ɗebe Ayin Rand, wadda ke ƙin kowane irin gurguzu, sauran ukun duk masu tausayin talaka ne. Cikin 2005 waɗansu lauyoyi a jihar Kansas ta Amurka suka kawo labarin Harisan a gaban kotu, suna neman hujjar ƙin daidaita kuɗin da a ke ba makarantu. Bonegat yana da rai a lokacin, ya ce ba su fahimci labarin ba, shi maganar baiwa da hazaƙa ya ke yi, dukiya kuwa ba baiwa ba ce. Gina wa ɗan talaka makaranta ɗaga shi ne. Alƙali ya ɗauki sarki da talaka daidai a gaban shari'a, wannan adalci ne, ba ya rage kowa da kome. Abin da littattafan ke gargaɗi a kai shi ne daidaitawar da ba ta ƙara wa gajere kome, sai dai ta sare dogo, ta kuma hana kowa faɗin abin da ke ransa.

Shi kuwa littafin "Mu", sai cikin 1952 aka buga shi cikakke da harshen Rasha, a Niyu Yok. Mutanen ƙasar da aka rubuta shi dominsu ba su sami karanta shi a fili ba sai cikin 1988, sa'ad da wata mujallar Masko ta buga shi a zamanin Gobacob, shekara 51 bayan mutuwar mai shi. Bayan shekara 3, cikin 1991, Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Littafin yana nan ana karanta shi cikin harsuna masu yawa. Kabarin Zamiyatin yana wata maƙabarta a bayan birnin Faris, da sunansa rubuce a kai.